Albashi Ba Ya Mayar da Mai Bindiga Ɗan Sanda: Darasin Sabha ga Masu Neman 'Yan Sandan Jiha

Gabatarwa

A ƙarshen watan Nuwamba na 2025, Shugaban Nijeriya Bola Ahmed Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan tsaro. Ya ba da umurnin a ɗauki sababbin 'yan sanda har adadinsu ya kai 50,000, ya ce a janye masu gadin manyan mutane a mayar da su bakin aiki, sannan ya nemi Majalisar Tarayya ta gyara doka yadda jihar da ke bukata za ta kafa rundunarta. Hausawan da ke zaune a unguwar Manshiya ta birnin Sabha, a kudancin Libiya, sun bi wannan labari da kunnen basira, domin akasarinsu a Kano da Katsina da Zamfara da Maraɗi da Damagaram suka baro iyaye da 'ya'ya. A majalisunmu na bayan Isha'i bakin jama'a kusan ɗaya ne: a ƙara yawan 'yan sanda, a ƙara musu kuɗi, a ba gwamnoni nasu, magana ta ƙare.

A ganina maganar ba ta ƙare a nan ba, kuma hujjata ita ce wannan birni da muke zaune cikinsa. Ƙasashe kaɗan ne suka gwada ɗibar mutane masu yawa su zuba musu albashi da sunan tsaro kamar yadda Libiya ta yi bayan 2011, kuma a Sabha sakamakon ya fito fili. Aikin ɗan sanda tukunya ce da ke zaune a kan duwatsun murhu uku: albashi, da hanyar ɗauka, da hukumar da ke sa ido ta hukunta. Gwamnatin da ta ɗora tukunyar a kan dutse ɗaya za ta yi ɓari. Wadda kuma ta damƙa duka ukun a hannun mutum ɗaya, mutumin nan ta kafa wa runduna, talaka kuwa yana nan inda yake.

Yadda Libiya Ta Nemi Sayen Tsaro da Kuɗi

A zamanin Mu'ammar Gaddafi, ɗan sanda na caji ofis, wanda a nan ake kira shurɗa, ba shi da wani nauyi a sha'anin tsaro. Ƙarfi yana hannun kwamitocin juyin juya hali, da hukumar tsaron cikin gida, da rundunoni na musamman waɗanda 'ya'yansa da makusantansa ke jagoranta. Da gwamnatin ta faɗi a 2011 sai waɗannan suka watse, shurɗa ba ta da ƙarfin cike gurbinsu, ga rumbunan makamai a buɗe. Gari da unguwa da ƙabila kowa ya kafa katibarsa, wato ƙungiyar matasa masu bindiga ƙarƙashin kwamanda ɗan gida.

Gwamnatin riƙon ƙwarya ta ga hanya mafi sauƙi ita ce ta zuba su cikin jerin masu albashi. A ƙarshen 2011 aka kafa Kwamitin Ƙoli na Tsaro ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida, domin ya riƙe aikin 'yan sanda na ɗan lokaci. Kafin shekara ta zagayo sunayen da ke cikinsa sun haura 100,000. A nan aka tafka kurakurai uku. Na farko, katiba ake ɗauka ɗungurungum da kwamandanta, babu tantance mutum ɗaiɗai, babu horo na kirki. Na biyu, albashin da aka yanka wa waɗannan matasa ya zarce na shurɗa na asali, don haka mai kaki na gaskiya ya zama abin raini a idonsu. Na uku, kwamanda ne ke kawo jerin sunaye, shi ya san wanda ke zuwa aiki da wanda sunansa kawai ke nan, saboda haka kowane yaro ya san ta hannun wa abincinsa ke fitowa. Hausawa kan ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ladan na baitulmali ne, amma kwamanda aka riƙa yi wa askin.

Tun a watan Afrilu na 2012 gwamnati ta dakatar da kyautar kuɗin da take ba mayaƙan juyin juya hali saboda maguɗin sunaye. A watan Disamba na shekarar aka yanke shawarar rusa Kwamitin a shigar da mutanensa cikin shurɗa, amma katibu da dama suna da allon ƙofa kawai suka sauya, kwamanda da yaransa suna nan. Bayan ƙasar ta rabu tsakanin gwamnatin gabas da ta yamma a 2014, Babban Bankin Libiya ya ci gaba da biyan albashin ma'aikatan ɓangarorin biyu, har da waɗanda ke harbin juna. Har yau albashi ne kaso mafi tsoka a kasafin Libiya, inda mutum fiye da miliyan biyu ke karɓa daga gwamnati a ƙasar da ke da jama'a kimanin miliyan bakwai. Da kuɗi kaɗai na haifar da tsaro, da Libiya ta fi kowace ƙasa a Afirka kwanciyar hankali.

Abin da Sabha Ta Girba

Sabha ita ce babban birnin Fazzan, kuma a nan hanyar da ta taso daga Agadas ta Dirku da Gaɗrun ke sauke matafiya. Gari ne na ƙabilu da yawa: Awlad Sulaiman, da Gadadfa dangin Gaddafi, da Magarha, da Tubawa, da Abzinawa, da tsoffin Fazzanawa, ga kuma baƙi daga Nijar da Nijeriya da Cadi da Sudan. Unguwanni irin su Manshiya da Gurda da Mahdiyya da Ɗayuri, duk mai zama a garin ya san wane dangi ne ke da rinjaye a kowacce, ya kuma san bawabar wa zai tarar a kan hanya, wato shingen bincike.

A watan Maris na 2012 faɗa ya ɓarke tsakanin Tubawa da Larabawan garin, kimanin mutum 150 suka rasu cikin mako guda. A watan Disamba na shekarar fursunoni kusan 200 suka tsere daga kurkukun Sabha, kuma a cikin watan ne majalisa ta ayyana kudu baki ɗaya a matsayin yankin soja. A Janairun 2014 rikici ya sake tashi, har aka kawo runduna daga Misrata ta shiga tsakani, ta zauna zuwa 2017. A 2018 aka kwashe watanni ana gwabzawa a kewayen tsohuwar ganuwar garin.

Amma wanda ya fi dacewa ɗalibi ya tsaya ya nazarta shi ne na watan Nuwamba na 2016. Birin wani mai shago ne ya fizge ɗankwalin wata yarinya 'yar makaranta. Dangin yarinyar, Awlad Sulaiman, suka rama da kashe mutum uku daga Gadadfa tare da birin. Aka fito da tankokin yaƙi da manyan bindigogi a tsakiyar gari, cikin kwana huɗu aƙalla mutum 16 suka mutu, kimanin 50 suka jikkata. A garin da ke da 'yan sandan da kowa ya yarda da su, wannan ƙara ce ta yini ɗaya: a kira mai biri, a kai shi gaban alƙali, a ci shi tara, a ba iyayen yarinya haƙuri. Me ya hana haka a Sabha, alhali akwai caji ofis, akwai masu kaki, kuma ana biyansu?

Amsar tana cikin hanyar ɗauka da rashin mai tsaya wa doka. Shurɗan da ke Sabha ɗan wata ƙabila ne. Idan ya kama ɗan wata ƙabilar, ba a cewa hukuma ce ta kama shi, sai a ce su wane sun taɓa mu, kuma gidan ɗan sandan za a bi da ramuwa. Idan ya kama ɗan ƙabilarsa, ya ci amanar dangi. Kotun da zai kai mai laifi ita ma alƙalanta a tsorace suke, kurkukun kuma ba ya riƙe mutum. Mai hankali a irin wannan hali sai ya karɓi albashinsa ya kama bakinsa. Ga shi kuma albashin kansa ya sha ruwa: tun daga 2016 mutane ke kwana a layin banki saboda ƙarancin takardun kuɗi, kuma a Janairun 2021 aka karya darajar dinari daga kimanin 1.4 zuwa 4.48 a kan dala ɗaya. A yankin da fasa-ƙwaurin man fetur da zinariya da mutane ke kawo ninkin albashi a dare ɗaya, babu ƙarin da gwamnati za ta yi ya kamo abin da bawaba ke tarawa.

Wanda ya fi kowa ɗanɗana kuɗar wannan hali shi ne wanda ba shi da dangi masu bindiga. Duk Bahaushen da ya ratsa Sahara ya san abin da ake nufi da gidan bashi, inda ake tsare matafiyi ana dukansa har sai 'yan'uwansa sun aiko da kuɗi. A watan Afrilu na 2017 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta bayyana cewa ana cinikin baƙin haure a Sabha kamar yadda ake cinikin bayi. Magini ko tela ko mai aikin gona da aka yi wa fashi ba ya tunanin caji ofis, domin yana tsoron a bar ɓarawo a tambaye shi takardunsa. Wajen maigidansa yake zuwa, ko wajen shugaban al'ummarsa.

Akwai kuma matsalar lambar ɗan ƙasa, wadda aka fito da ita a 2013 aka kuma ɗaure biyan albashi da ita. Ta taimaka wajen zaƙulo masu cin albashi biyu ko uku. Sai dai dubban Abzinawa da Tubawa da aka haifa a kudu, waɗanda ba a kammala musu takardun zama 'yan ƙasa ba, sun tsinci kansu a waje. Ana iya kama su, amma ƙofar shiga aikin kamawa a rufe take gare su. Al'ummar da ba ta ganin ɗanta cikin kaki ba za ta ɗauki kakin nan nata ba.

Gaskiya ce a faɗa, tun da dakarun Khalifa Haftar suka shigo Sabha a Janairun 2019 manyan faɗace-faɗacen ƙabilu sun ragu, kasuwa ta samu sarari, ana ganin masu kaki a tituna. Amma wannan lafawa ta dogara ne ga ƙarfin soja da sulhun dattawan ƙabilu. Tambayar da ke auna aikin ɗan sanda tana nan: idan mai kaki ya zalunci maraya ko baƙo, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa a saurare shi?

Arewa Ta Taɓa Ganin Irin Wannan

Mai karatu na iya cewa Libiya daban, Nijeriya daban. To, mu waiwayi namu tarihin. A shekarun 1860 rundunar da Turawa suka kafa a Ikko akasarinta masu jin Hausa ne, har ake kiranta Hausawan Glover. Dabarar a fili take: baƙo ba ya jin kunyar baƙo, don haka a sa shi ya tsare mutanen da bai haɗa komai da su ba. A Arewa kuwa an bi ɗaya hanyar. Daga dogaran sarki aka fitar da 'yan doka ƙarƙashin En'e, suna aiki kafaɗa da kafaɗa da 'yan sandan gwamnati, waɗanda aka haɗe na Kudu da na Arewa suka zama runduna ɗaya a 1930. Sau da yawa ɗan sarki ne ke shugabantar 'yan doka. Marigayi Ado Bayero, alal misali, ya riƙe muƙamin Wakilin Doka na Kano daga 1957 zuwa 1962.

Ɗan doka yana da amfanin da dattawa ke tunawa har yau: ya san lungu da saƙo, ya san ɓarawon unguwa da sunan ubansa. Illarsa ita ce En'e ce ke ɗaukarsa, baitulmalinta ke biyansa, kotun alƙali da gidan yari su ma a hannunta suke. Da siyasar jam'iyyu ta zo, musamman bayan kafa NEPU a Kano a 1950, 'yan adawa suka sha kamu da ɗauri a kan laifin yin taro ba izini ko zagin hukuma. A Jihar Yamma ma 'yan sandan ƙananan hukumomi sun yi wa 'yan adawa irin wannan. Shi ya sa bayan juyin mulkin 1966 kwamitin da Yusuf Gobir ya jagoranta ya ba da shawarar a haɗe su da rundunar tarayya, aka kuma aiwatar cikin 'yan shekarun da suka biyo baya. Sashe na 214 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda bayan ta tarayya, gadon wannan tarihi ne. Ke nan an gwada baƙo, an gwada ɗan gida, kuma kowanne ya karkace a lokacin da babu mai tsawata masa.

Duwatsun Uku a Nijeriyar Yau

Ta fuskar albashi, babu mai adalcin da zai musa cewa ana cutar ƙaramin ɗan sanda. A watan Fabrairu na 2002 ƙananan 'yan sanda suka shiga yajin aiki, karo na farko a tarihin rundunar, saboda haƙƙoƙinsu da aka riƙe. Matasan zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020, duk da fushinsu, sun sa ƙarin albashin 'yan sanda cikin bukatunsu biyar. An amince da ƙarin kashi 20 cikin ɗari a Disambar 2021, amma tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a 2023 ta lanƙwame shi. A watan Yuli na 2025 tsoffin 'yan sanda suka yi zanga-zanga a Abuja a kan fansho. Kurtun da ke ganin wanda ya shekara 35 yana aiki yana yawo da kwali a titi, me zai hana shi neman nasa tun da sauran ƙarfi? Haka nan caji ofis ɗin da ba a ba shi kuɗin mai da na takarda, daga aljihun mai kawo ƙara zai fitar da su, ko da an rubuta a bango cewa beli kyauta ne.

Duk da haka albashi ba ya warkar da komai. Yunwa na iya sa kurtu karɓar na goro a shinge, amma Sufeto-Janar Tafa Balogun, wanda kotu ta ɗaure a 2005 a kan dukiyar da ta kai biliyoyin naira, ba yunwa yake ji ba. Inda na ƙasa ke kai wa na sama kasonsa domin a bar shi a shinge mai romo, ƙarin albashi ba zai rage komai ba, sai dai a ci biyu.

Ta fuskar ɗauka, Nijeriya ta taɓa yin gaggawa ta ga sakamakonta. Daga shekarar 2000 gwamnatin Obasanjo ta sa a riƙa ɗaukar mutum 40,000 kowace shekara har shekara biyar. Kwalejojin horo na Ikeja da Kaduna da Maiduguri ba su da wurin kwana da malaman da za su ɗauki wannan taro, tantancewa ta yi rauni, baragurbi suka shige. A Janairun 2013, bayan wani gidan talabijin ya nuna halin da kwalejin Ikeja ke ciki, sai da Shugaba Jonathan ya je da kansa ya gani. Daga 2019 kuma Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda da ofishin Sufeto-Janar suka shiga shari'a a kan wa ke da ikon ɗaukar kurata 10,000, har sai da Kotun Ƙoli ta ba Hukumar gaskiya a watan Yuli na 2023. Ba a rufa shekara ba, a Yunin 2024, rundunar ta yi watsi da jerin sunayen da Hukumar ta fitar, tana zargin maguɗi. Manya ba sa irin wannan kokawa a kan abin da ba shi da maiƙo. Gurbin aiki jari ne na siyasa, kuma yaron da ya shiga ta hannun ɗan majalisa ya san wanda zai yi wa aski.

Ta fuskar sa ido kuwa, nan ne dutsen ya fi rauni. Hukumar da doka ta ba ikon hukunta 'yan sanda, sau da yawa tsohon babban ɗan sanda ake naɗawa ya shugabance ta, kamar Mike Okiro da Musiliu Smith da Solomon Arase, kuma a bincikenta takan dogara ga rahoton rundunar da ake ƙara. Sashe na 34 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya wajabta wa majistare ziyartar wuraren tsare mutane na caji ofis kowane wata, amma mai karatu ya tambayi kansa sau nawa ya ji an yi haka a garinsu. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi, kuma babu mai tashinsa.

A kan wannan murhu ake shirin ɗora 'yan sandan jiha. Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a Janairun 2024. Kafin su akwai 'yan sa-kai, kuma mutanen Zamfara sun san yadda ƙungiyar da aka ɗebo daga ɓangare ɗaya na al'umma, tana kama Bafulatani a kasuwa ta yanke masa hukunci ba alƙali, ta taimaka wajen mayar da satar shanu gabar jini. Wannan ita ce Sabha ta cikin gida. A tuna kuma cewa a 2015 sai da gwamnatin tarayya ta ba jihohi da dama tallafin ceto saboda sun kasa biyan albashi na watanni. Malamin makarantar da aka riƙe wa albashi gida yake zama. Mai bindiga kuwa hanya yake fita.

Abin da Wasu Ƙasashe Suka Gwada

Misalai biyu sun isa. A ƙasar Jojiya, a 2004, gwamnatin Saakashvili ta sallami dubban 'yan sandan kan hanya a lokaci guda, ta ɗauki sababbi ta hanyar jarrabawa, ta ninka musu albashi. Karɓar na goro a titi ya kusa ɓacewa. Amma da yake babu mai sa wa hukumomin tsaro linzami, a 2012 hotunan azabtar da fursunoni suka fito, jam'iyyar ta faɗi zaɓe. Duwatsu biyu sun tsaya, na uku ya kife tukunyar.

Ailan ta Arewa ta fi kama da Sabha, domin al'umma ce da ta rabu biyu tana zubar da jinin juna. Tsohuwar rundunarta, mabiya ɗarikar Katolika ba su wuce kashi 8 cikin ɗari ba a ciki, don haka suna kallonta a matsayin rundunar abokan gaba. Bayan rahoton kwamitin Patten na 1999 aka kafa sabuwar runduna a 2001, aka shar'anta cewa rabin sababbin ɗauka su fito daga Katolika, har zuwa 2011 da suka kai kusan kashi 30. Kafin wannan, a 2000, an riga an buɗe ofishin karɓar koke mai zaman kansa, mai nasa masu bincike. Abin lura shi ne mai sa ido ya riga sabon kurtu zuwa.

Hujjar Masu Gaggawa

Za a ce mutane na mutuwa a Zurmi da Jibiya da Sabon Birni, wa ke da lokacin kafa hukumomi? Wannan magana ce mai nauyi, kuma wanda aka sace wa ɗa ba a yi masa lacca. Haka kuma gaskiya ne cewa kwamishinan da ke jiran umurni daga Abuja, da kurtun da ba ya jin harshen ƙauyen da aka kai shi, ba za su iya da dajin Rugu ba. Ni ma ina goyon bayan a kawo aikin ɗan sanda kusa da jama'a. Amma wannan hujja ta gaggawa ita ce shugabannin Libiya suka kafa a 2011: a biya su tukuna, gyara ya biyo baya. Fiye da shekara goma ke nan gyaran bai iso ba, domin wanda ka ba bindiga da albashi ba tare da sharaɗi ba, ba zai dawo ya karɓi sharaɗi don raɗin kansa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafa ofishin koke da rubuta ƙa'idar ɗauka ba za su ɗauki lokacin da horar da kurtu ɗaya ke ɗauka ba.

Shawarwari

Na farko, a raba hannun da ke biya da hannun da ke ba da umurni. Albashin ɗan sanda, na tarayya ko na jiha, ya tafi asusunsa kai tsaye, a cire shi daga kason jiha tun a tushe kafin ya isa hannun gwamna. A kafa mafi ƙarancin albashi ɗaya a ƙasa baki ɗaya, a tabbatar da fansho da haƙƙin iyalan wanda ya mutu a bakin aiki. Kowane caji ofis a ware masa kuɗin gudanarwa, a liƙa adadin a bango kowa ya gani.

Na biyu, mutum ake ɗauka, ba ƙungiya ba. Kada a mayar da 'yan sa-kai ko 'yan banga ko yaran siyasa 'yan sanda ta hanyar sauya musu kaki. Kowa ya zo shi kaɗai, ya yi jarrabawa, a binciki halinsa, a buga sakamako a fili. A ware gurabe ga kowace ƙaramar hukuma da kowace al'umma, makiyayi da manomi, Musulmi da Kirista, ɗan asali da wanda aka haifa a garin, sannan a gauraya su a wurin aiki. Yawan waɗanda za a ɗauka kada ya wuce yawan gadaje da malaman kwalejin horo.

Na uku, a kafa ofishin karɓar koke kafin a miƙa wa kurtu na farko bindiga. Kada gwamna shi kaɗai ya naɗa shugabansa, kada wa'adinsa ya zo daidai da na gwamna, kada tsohon ɗan sanda ya shugabance shi, kuma ya kasance da nasa masu bincike da nasa kasafi. Duk wanda ya mutu a hannun 'yan sanda a binciki mutuwarsa ko da babu wanda ya kai ƙara. Ƙofar kuma ta kasance a buɗe ga baƙo ba tare da an fara tambayarsa takarda ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe mu mazauna Manshiya mun fi kowa sanin darajarsa, kuma abin da muke roƙa wa kanmu a ƙasar wasu ya kamata mu ba baƙon da ke Sabon Gari ko Mararraba.

Kammalawa

Sabha ba ta rasa masu kaki ba, ba ta rasa masu albashi ba. Abin da ta rasa shi ne ɗan sandan da zai kama ɗan kowace ƙabila ya kwana lafiya a gidansa, wanda kuma idan ya yi zalunci akwai inda za a kai shi. Majalisun da za su gyara Sashe na 214 su ne za su yanke ko jihohin Arewa za su samu irin wannan ɗan sanda, ko kuwa katibu 36 masu tambarin gwamnati. Duk wanda ke da wakili a majalisa ya tambaye shi abu uku kafin ya ɗaga hannu: wa zai ɗauka, wa zai biya, wa zai hukunta? Idan amsar ta zama mutum ɗaya, to a sake zama. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.